Mai Ɗinka Sunaye

A Klaipeda, watan Yuli, rana ba ta son faɗuwa.
Ƙarfe goman dare haske na kwance kan teku,
zauren wasa shiru kamar gidan da aka tashi,
kwanduna biyu na rataye, babu mai jefawa.

Ni ce Aldona. Shekara ashirin da shida
ina ɗakin ƙarƙashin matakala,
ni da keken ɗinki da kwalin haruffa.
Duk wanda kulob ya ɗauka, ni ke fara sanin sunansa
tun jarida ba ta ji ƙishin-ƙishin zuwansa ba,
tun shi kansa bai gama ɗaure kaya da tahowa.

Tauraro ba ya ba ni aiki.
Dovydas na nan, rigarsa na nan, yara na saye.
Aikina na can ƙarshen benci,
inda kujera ba ta riƙe ɗumin mutum ɗaya,
kowace bazara sai an yi sabuwar shimfiɗawa.

Jiya manaja Rimvydas ya sauko, waya maƙale a kunne,
idonsa ja, wata guda yana kallon faifan wasannin wasu.
Ya ce, "Abin da ya rage a asusu kaɗan ne, Aldona,
nama mun riga mun saya, gishiri nake nema."
Ya miƙo takarda mai suna uku, ya juya yana hawa.

Na farko Vaidotas, shekara talatin da huɗu,
gwiwar hagu ta sha wuƙar likita sau biyu.
Ba a saye shi don ya ci ba.
Zai tsaya kamar ginshiƙi, mai gadi ya yi karo da ƙirjinsa,
Dovydas ya sulale ya jefa, a yi ta tafi,
shi kuma ya koma gida da ƙanƙara a ɗaure a gwiwa.

Na biyu Pruitt, daga Ohayo,
ƙasa bakwai cikin shekara tara,
akwati ɗaya, da hoton 'yarsa a murfin waya.
Gurbinsa kusurwa. Zai jira can hannu a buɗe,
wataƙila ƙwallo ta zo sau biyu a dare,
wataƙila ta manta hanya,
amma ran da ta zo, ba a yafe masa kuskurewa.

Na uku yaro ne, Tautvydas,
an ce minti shida za a ba shi,
ya manne wa gwanin abokan gāba kamar ƙaiƙayi,
ya kwashi laifi uku, ya dawo ya zauna.
Uwarsa ta bugo tana tambayar farashin tikiti,
na ce mata ta zo da wuri, minti shida ba ya jiran kowa.

Lamba goma sha huɗu za a ba Pruitt.
Na ɗauko rigar, na fara farke sunan Zilvinas,
wanda ya faɗi kan katako sau ɗari saboda ƙwallon da ba tasa ba,
aka sallame shi da saƙon waya ran Talata.
Zare ya fita, amma ramukan allura sun ƙi rufewa.
In ka ɗaga ta wajen taga
za ka karanta shi sarai, haske na ratsawa.

Na jera sababbin haruffa shida a kan tabon.
Ba su rufe duka ba, sunan da ya tafi ya fi tsawo.
Na bar sauran haka.
Can sama na ji an kunna fitila ɗaya,
wani ya iso da wuri, takalmi na ƙara kan katako,
ƙwallo na bugun ƙasa a hankali, tana dawowa.